Laso: Tarihin Simintin Marina

Laso shi ne shafen da maginan ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Sakkwato har kudancinta wajen Tambuwal da Kebbe, suke yi wa rufin soro da ramin marina don kada ruwa ya ratsa. Abu uku ake haɗawa. Akwai katsi, wato dagwalon gindin karofi da ake kwasowa a cura a busar a ƙona. Akwai gashin jima daga majema. Na ukun shi ne dafara, wadda ake daka saiwarta a jiƙa har ta yi yauƙi. Wasu marubutan kan gwama laso da makuba ta ɓawon ɗorawa, alhali kowanne da aikinsa. Masanin tsirrai Dalziel ya rubuta amfanin dafara a laso tun 1916.

Dafarar nan ce abin lura, domin binciken kimiyya ya nuna irin tasirin da sinadaran halittu ke yi wa ma'adini. A 1985 Lia Addadi da Stephen Weiner na Cibiyar Weizmann sun nuna cewa sinadaran furotin da ke cikin ƙumbar dabbobin ruwa suna manne wa wasu fuskokin ƙwayar ma'adini tun tana girma, su sauya mata siffa. Ƙyallin cikin ƙumba kusan kashi 95 cikin ɗari ma'adini ne, amma ɗan ragowar nan shi ke hana shi fashewa da sauƙi.

Sai masana suka koma kan tsofaffin gine-gine. A 2010 Zhang Bingjian na Jami'ar Zhejiang da abokan aikinsa suka bayyana cewa kunun shinkafa mai danƙo da maginan Sin suke zuba wa farar ƙasa yana tauye girman ƙwayoyin, su fito ƙanana, su cushe da juna. A 2023 kuma Carlos Rodríguez-Navarro na Jami'ar Granada ya gano irin wannan a shafen mutanen Maya na Copán, a Honduras, inda ruwan ɓawon itace ya shige cikin ƙwayoyin tamkar na ƙumba. A ƙasar Hausa ma magini yana zuba yauƙin tsiro cikin ƙonannen ma'adini ne, kuma laso ya cancanci shiga wannan sahu.

Bayan kamfanin siminti na Kalambaina da ke Sakkwato ya fara aiki a 1967, siminti da kwano suka riƙa mamaye gini, marinu kuma suka yi ta mutuwa, katsi ya yi wuya. Ya kamata masana sinadarai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su nemi tsofaffin magina tun suna raye, su ɗebo laso daga tsofaffin soraye su auna.