Shin Yawan Fargaba Raunin Imani Ne Ko Ciwo?

TAMBAYA: Ni manomi ne a Dayi. Kusan shekara guda ke nan gabana na faɗuwa ba dalili, barci ya ƙaurace mini, kullum ina saƙa mugun abu a kan gona, bashin taki da yara. Wasu sun ce ƙarancin tawakkali ne, wasu sun ce iska ce. Mene ne gaskiya?

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Ɗan'uwa, ka sani tsoro da damuwa ba sa kore imani. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa (AS) ya bar garin Fir'auna cikin tsoro, Annabi Yaƙub (AS) kuma idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga hammu da huznu. Ibnul Ƙayyim ya bambance su: hammu damuwa ce a kan abin da bai zo ba, huznu kuwa a kan abin da ya wuce. Naka na farkon ne.

Sai dai fargaba iri biyu ce. Wanda gonarsa ke wajen Faskari, ko uban da ya tuna ɗaliban da aka kwashe a Ƙanƙara a Disamba 2020, tsoronsa yana da dalili, kuma yakan lafa idan hatsarin ya gushe. Ta biyun ba ta lafawa. An girbe masara, an biya bashi, sai zuciya ta laluɓo wani abin ta rataya a kai. Idan haka ta mamaye mafi yawan kwanakinka har wata 6, tare da rashin barci, saurin fushi, kasala da ɗaurewar wuya da kafaɗu, likitoci suna ƙirga ta a ciwo mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba.

Kada ka ɗauka wannan ilimin baƙo ne a wurinmu. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya yi bayanin tsoro da waswasi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Don haka ka je babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, ka faɗi komai ba kunya, domin wani lokaci ciwon maƙoƙo yakan zo da irin waɗannan alamomi. In da buƙata za a tura ka Shika a Zariya, Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano. Maganin ya haɗa da zama da ƙwararre mai koya maka tankwara tunani, da ƙwayoyin da sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu. Kada ka yanke su da kanka don ka ji sauƙi, kuma in azumi ya zo ka tambayi likita lokacin sha. Ka guji sayen baliyam ko tiramol a kemis: sauƙin dare ɗaya ne, jaraba ta biyo baya. Ka rage goro da shayi mai kauri, musamman bayan la'asar.

Ruƙya da Alƙur'ani da azkar na safe da yamma halal ne, ka riƙe su tare da magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. Amma a ganina ana saurin jingina komai ga aljanu a ƙasar nan. Duk wanda ya ce sai an doki mara lafiya, ko a yanka wa iska dabba, ka nisance shi. Yanka don wanin Allah shirka ne.

Ka sanar da iyalinka ko wani amini halin da kake ciki, kada ka bar jam'i ka kulle kanka a ɗaki. Idan har zuciya ta fara raya maka ka cutar da kanka, a kai ka asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Allah Ya ba ka lafiya. Wallahu a'alam.