Tsibirin Annobon: Masunta, Jiragen Ruwa da Tarihin Keɓewa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba tarihin wata 'yar ƙaramar al'ummar masunta da ke zaune a tsibirin Annobon, cikin Mashigin Gini, domin a gwada cewa keɓewar wuri tana da nata tarihi. Watau dai akwai lokacin da ta fara, akwai kuma waɗanda suka haddasa ta. Mai duban taswira zai ɗauka cewa tun fil'azal mutanen wannan tsibiri a yashe suke, alhali kuwa labarinsu bai nuna haka ba.

Annobon tsohon dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 17 ba, kuma yana kudu kaɗan da Ikwaita, kimanin kilomita 350 yamma da gaɓar Gabon. A siyasance yanki ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ko da yake tsakaninsa da Malabo akwai ruwa na fiye da kilomita 600, kuma tsibiran wata ƙasa dabam, Sao Tome da Principe, sun gitta a tsakani.  Ƙidayar 2015 ta nuna mutum dubu biyar da 'yan ɗaruruwa, galibinsu a gari ɗaya, San Antonio de Pale, a bakin ruwa ta arewa. Sauran ƙauyukan kamar tunga suke, ana komawa can ne lokacin aikin gona.

Sa'ad da Turawan Fotugal suka iso wurin a farkon shekarun 1470, ba su tarar da kowa ba. Ranar sabuwar shekara ce, shi ya sa suka raɗa masa Ano Bom, watau shekara mai kyau. A cikin ƙarni na 16 aka kawo bayi ta hanyar Sao Tome domin noman auduga, kuma daga bakin waɗannan bayi ne harshen tsibirin, Fa d'Ambu, ya samu. Yawancin kalmominsa na Fotugal ne, amma ginin jimlarsa yana ɗauke da alamun harsunan Afirka. Ya kamata ɗalibi ya bambanta shi da irin su Barikanci, wanda ba a haifi kowa da shi ba. Shi Fa d'Ambu harshen uwa ne, da shi ake goyo, da shi ake makoki. Tun 1888 masanin harsuna Hugo Schuchardt ya yi rubutu a kansa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne zamanin jiragen da iska ke turawa. Jirgin da ya taso daga gaɓar Gini zai koma Turai ko Amurka yakan gangaro kudu da Ikwaita domin ya sami iska da igiyar ruwa masu kai shi yamma, Annobon kuwa a kan wannan hanya yake. Saboda haka jirage sukan tsaya su ɗebi ruwan sha da itace, su sayi lemo da aladu da kaji, su biya da tufafi da kayan ƙarfe. Turawan da ke zaune a tsibirin ba su taɓa yawa ba, kuma wajen farkon ƙarni na 18 ikonsu ya zama na suna kawai. Jikokin bayi suka wayi gari su ne masu ƙasa. An rubuta cewa mutum biyar ne suke riƙe da al'amuran gari, kowanensu yana yin shugabanci har sai jirage goma sun tsaya, sa'an nan ya sauka wani ya hau. Ko da a ce matafiyan da suka kawo wannan labari sun ƙara masa gishiri, yana nuna mana abu guda: mutanen da suke auna wa'adin sarauta da zuwan jirage ba za a ce da su keɓaɓɓu ba. Haka kuma da limaman Katolika suka yi ƙaranci, masu hidimar majami'a daga cikin 'yan gari suka ɗauki jagorancin ibada, suna gadar wa na baya addu'o'i da ka.

A 1778, bisa yarjejeniyar El Pardo, Fotugal ta miƙa wa Sifen Annobon da Fernando Po, ba tare da an tambayi kowa a tsibirin ba. Da wakilan Sifen suka zo karɓa, jama'a suka ƙi, domin a ganinsu wanda ya bayar ba shi da abin da ya bayar. Sifen ba ta kafu sosai ba sai a 1885, da zuwan 'yan mishan na ƙungiyar Claret. Ke nan fiye da shekara ɗari tsibirin yana ƙarƙashin Sifen a takarda, yana hannun masu shi a zahiri.

A cikin wannan ƙarni na 19 ne hanya ta kauce musu. Cinikin bayi ya mutu, jiragen hayaƙi kuma ba su da bukatar bin iska, balle su tsaya neman ruwa a wani ɗan dutse. Abin da ya rage shi ne teku da kwalekwale. Maza suna sassaƙa kwalekwale daga gungumen rimi, su fita da fatsa. Mata suna noman rogo a gangaren duwatsu. Daga Amurkawa masu farautar hut, watau dabbar nan ta teku mai shayarwa wadda ta fi giwa girma nesa ba kusa ba, 'yan tsibirin suka koyi jifa da zago. Dabbobin sukan zo haihuwa a ruwan tsibirin daga wajen watan Yuli, masunta kuma sukan auna ɗan, su bi shi cikin waɗannan ƙananan jirage. Wanda ya san yadda kwalekwalen rimi yake rawa ko a kan kogi, zai gane irin ƙarfin halin da wannan sana'a take bukata. Ranar da aka yi sa'a, gari duka ne yake cin nama.

Keɓewa mafi muni ta zo ne bayan samun mulkin kai a 1968, ƙarƙashin Francisco Macias Nguema. A 1973 ya sauya wa tsibirin suna zuwa Pagalu, watau aku, kuma a shekarar ce annobar kwalara ta faɗa wa jama'a. Gwamnati ba ta aika da magani ba, ba ta kuma bar wasu su kai ba, mutane ɗaruruwa suka mutu. Sa'an nan da Nijeriya ta kwashe dubban 'yan ƙasarta daga gonakin koko na Fernando Po a 1975 da 1976 saboda cin zarafin da ake yi musu, sai aka rasa leburori, aka tura jirgi Annobon ya kwaso maza masu ƙarfi domin su maye gurbinsu. A nan tarihinmu ya taɓa nasu, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka sani: ceton da aka yi wa namu shi ya zama sanadin ɗaukar nasu. Garin masunta ya koma na mata da yara da tsofaffi, ba mai fita teku, ba sabulu, ba kananzir. Marubucin nan Juan Tomas Avila Laurel, wanda ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin, ya gina littafinsa Arde el monte de noche na 2009 a kan waɗannan shekaru. Jirgin da kakanni suke ɗokin hangowa ya zama abin da ake gudu a ɓuya in an gan shi.

An hamɓarar da Macias a 1979, sunan Annobon ya dawo, amma dangantaka da hukuma ba ta gyaru ba. A watan Agusta na 1993 sojoji suka murƙushe wani bore a tsibirin. A 2010 aka buɗe tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama, abin da a ƙa'ida ya isa ya kawo ƙarshen nisa. Amma a watan Yuli na 2024, bayan da mazauna suka rubuta takardar koke kan nakiyoyin fasa dutse da suke lalata musu gidaje da gonaki, sai aka kama mutane da dama, aka kuma yanke wa tsibirin intanet, har aka shekara ba a mayar ba.