Man Calmugura da Tarihin Yaƙi da Kuturta

Calmugura mai ne da ake tatsowa daga ƙwallon 'ya'yan wasu itatuwa na dangin Hydnocarpus, waɗanda ke tsirowa a dazuzzukan Indiya da Bama da Tailan masu yawan ruwan sama, kuma shi ne maganin kuturta da duniya ta fi dogara da shi kafin shekarun 1940. Masu maganin gargajiya na Indiya da Sin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ba kutare shi su sha ko su shafa, kafin likita Frederic Mouat, wanda ke aiki a Kalkata, ya gabatar da shi ga likitocin Turai a 1854. A lokacin ba a ma san musabbabin cutar ba, domin sai a 1873 Gerhard Hansen na ƙasar Nowe ya gano bakteriyar da ke haddasa ta, wato wata ƙwayar halitta wadda ido ba ya gani sai da madubin likita.

A 1904 Frederick Power da abokan aikinsa a ɗakin binciken Wellcome da ke Landan suka ware sinadarin da suka kira asid na calmugura, daga baya kuma suka ware ɗan'uwansa, asid na hidnokafus. Dukansu sinadaran kitse ne, sai dai kowannensu yana ɗauke da zobe mai ƙwayoyin kabon biyar a ƙarshen sarƙarsa, siffar da ba kasafai ake samunta a man tsirrai ba.

Babbar matsalar ita ce yadda za a shigar da maganin cikin jiki, domin wanda ya sha yakan yi ta amai har ya gudu daga magani, idan kuma aka yi allurarsa, kaurinsa, wanda ya yi kusa da na man kaɗanya, yakan sa ya dunƙule a ƙarƙashin fata ya zama ƙurji mai raɗaɗi. Alice Ball, wata baƙar fatar Amurka masaniyar kimiyyar sinadarai a Kwalejin Hawayi, ita ce ta warware wannan a 1915, inda ta tsame sinadaran daga man, ta haɗa su da sinadarin etanol, suka koma ruwa mai tsinkewa wanda jiki ke iya zuƙewa. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, sai shugaban kwalejin, Arthur Dean, ya ci gaba da aikin ba tare da ambaton sunanta ba, rashin adalcin da likita Harry Hollmann ya fito ya gyara a rubuce a 1922.

Duk da haka, sakamakon allurar bai daidaita ba, cutar takan dawo wa da yawa daga waɗanda aka sallama, kuma tantance ƙarfin maganin ya yi wuya saboda ƙwayar kuturta ba ta yarda a rene ta a kwanon gwaji. A 1941 Guy Faget ya gwada maganin Promin a asibitin Carville na Amurka, sannan a ƙarshen shekarun 1940 John Lowe ya nuna a Uzuakoli, kudu maso gabashin Nijeriya, cewa ana iya haɗiyar dafson, magani mai araha, ba tare da haɗari mai yawa ba, abin da ya kawo ƙarshen zamanin calmugura. Sai a shekarun 1970, bayan likitoci sun daɗe da ajiye shi, gwaji a tafin ƙafar ɓera ya tabbatar cewa sinadaransa suna hana ƙwayar hayayyafa.