Ƙarin Karatu ga Malamin Asibiti: Wace Hanya Za a Bi?

Ya kai mai karatu, wataƙila ɗanka ko 'yarka ko matarka na aikin jinya a likitar Dogo, ko a wata ƙaramar likita ta ƙauye cikin gundumar Mirriya. Wata rana zai zo maka da maganar komawa makaranta. Shawarar ta shafi gida duka, domin za a kashe kuɗi, kuma za a yi shekaru ba ya nan. Wannan bayani zai taimake ka ka fahimci hanyoyin da ke gabansa, don ku zaɓa da ido buɗe.

Matakan aikin jinya a Nijar

Da farko a san matakin da mutum yake tsaye a kai.

1. Ma'aikacin lafiya na tushe, wanda ake kira ASB. Yana shiga makarantar lafiya da takardar birbe, wato BEPC.
2. Malamin jinya mai diflomar gwamnati, wanda ake kira IDE. A tsarin yanzu ana shiga da takardar bak, a yi shekara 3, a fito da digirin farko, wato lisans.
3. Ƙwararren ma'aikaci, wanda ya ƙara karatu a fanni guda.
4. Mai digiri na biyu, wato masta, wanda akan yi cikin shekara 2 bayan lisans.

 Wanda yake ASB, abin da ke gabansa shi ne ya kai matsayin IDE tukuna.

Hanyoyi uku bayan difloma

*Hanyar ƙwarewa a gefen gadon majinyaci.* Wannan ta dace da mai son aiki da hannunsa. Yana iya koyon sa barci lokacin tiyata, ko taimakon likitan fiɗa, ko aikin ido. Ka lura da amfanin wannan. Tun shekarar 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, amma ba a yi wa mace fiɗa sai da mai sa barci. In babu shi a asibitin gunduma, sai a ɗauki mai naƙuda zuwa Damagaram, kuma wani lokaci hanya kan ci rai. Haka kuma jihar Damagaram ta daɗe tana fama da ciwon amodari, wanda ke juyar da gashin ido ciki har ya makantar da mutum. Malamin jinya da ya koyi aikin ido yana iya gyara fatar idon.

*Hanyar lafiyar al'umma.* Wannan ta mai son tsara aiki ce: rigakafi, sa ido kan annoba kamar ƙyanda da sanƙarau, yaƙi da tamowa, da riƙon gundumar lafiya. Mai bin ta zai fi zama da takardu da ƙididdiga fiye da majinyata.

*Hanyar koyarwa.* Makarantun lafiya na buƙatar malamai da masu kula da ɗalibai a wurin gwajin aiki. A nan digiri na biyu yana da muhimmanci.

Ka sani kuma, zama likita wani karatu ne dabam, na shekara 7 ko fiye a jami'a. Ƙarin karatun jinya ba ya mayar da mutum likita.

Ina ake karatun?

A birnin Damagaram akwai makarantar lafiya ta gwamnati, ENSP, da Jami'ar André Salifou mai sashen kimiyyar lafiya, da babban asibitin ƙasa inda ɗalibai ke gwajin aiki. A Yamai akwai ENSP mai sunan Damouré Zika, da cibiyar lafiyar al'umma ta ISP, da Jami'ar Abdou Moumouni. A wajen ƙasa, cibiyar IOTA ta Bamako ta shahara wajen horar da ma'aikatan ido. Wasu kan so zuwa Kano ko Zariya saboda kusanci. Sai dai a can da Ingilishi ake koyarwa, kuma hukumar jinya ta Nijeriya tana da nata sharuɗɗan rajista.

Tambayoyi huɗu kafin a biya ko dala

1. *Gwamnati ta amince da takardar?* Makarantu masu zaman kansu sun yawaita. A tambaya a ofishin lafiya na jiha ko makarantar tana da izini a kan wannan fannin kansa. Game da takardar jami'a, a bincika ko hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da ita. Takardar da ba a amince da ita ba, ba ta ƙara girma ko albashi.
2. *An ba shi izinin tafiya?* Ma'aikacin gwamnati yakan jira ya cika wasu shekaru yana aiki, ya ci jarrabawar gasa, a rubuta masa izinin karatu. Wanda ya bar wurin aikinsa ba tare da wannan takarda ba, yana iya rasa aikin.
3. *Wa zai ɗauki nauyi?* A lissafa kuɗin makaranta, da haya, da abinci, da mota, na dukan shekarun. Kada a sayar da gona ko shanun noma a kan lissafin shekara ɗaya.
4. *Ina zai yi aiki in ya gama?* Mai sa barci sai inda akwai ɗakin tiyata, kamar Damagaram ko wani gari mai nisa. Wanda ke son zama kusa da iyayensa a Dogo, ya duba fannin da ƙaramar likita ke amfani da shi.

In mace ce

A zauna da mijinta da iyaye tun da wuri, a yanke inda za ta sauka da wanda zai riƙe yara. Mata da yawa a karkara sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu wajen awon ciki da haihuwa, don haka karatunta alheri ne ga garin duka.

Ka tuna

Matambayi ba ya ɓata. Ku je wurin majo na likitarku, ku je wurin shugaban gundumar lafiya a Mirriya, ku nemi wanda ya riga ya yi karatun ku ji daga bakinsa. Duk alkawarin da aka yi muku, ku nemi a rubuta shi a takarda, ku karanta da kanku, sannan ku sa hannu.