Gawo da Hamada: Tarihin Binciken Itatuwa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kusan shekara ɗari ke nan masana ilmin tsirrai suna jayayya a kan tambaya guda: shin hamada tana cinye ƙasar Hausa ne? Tambayar ba ta tsaya cikin littattafai ba, domin amsar da aka riƙa ba ta ita ce ta haifi dokokin daji, ta ƙayyade inda gwamnatoci suka zuba kuɗi, ta kuma yanke hukunci a kan wanda ya mallaki itacen da ya tsiro a gonar talaka. Wannan lacca za ta bi sawun jayayyar daga farkon mulkin mallaka, don a ga inda masana suka dace da inda suka kauce, da dalilin kowanne.

Likitan da ya tambayi mutane

Mutum na farko da ya kamata a ambata shi ne Dakta J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotlan wanda ya yi aikin gwamnati a Arewacin Nijeriya tun daga 1905. Duk inda aiki ya kai shi yakan tsinko ganye da fure ya busar, sa'an nan ya tambayi manoma da makiyaya da masu magani sunan tsiron da amfaninsa. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga baya ya haɗa kai da John Hutchinson na lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila, suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, kuma a 1937 ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu amfani. Abin lura a aikinsa shi ne ya ɗauki sanin da mutanen ƙasa suke da shi a matsayin ilmin da ya cancanci a rubuta.

Kashedin Stebbing

A 1934 Shehun malami E. P. Stebbing, mai koyar da ilmin gandun daji a Jami'ar Edinbara, ya ratsa Arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar. Ziyara ce gajera, kuma da rani aka yi ta. Ya ga rairayi da busasshiyar ciyawa da gonaki tsirara, sai ya yanke cewa Sahara tana gangarowa kudu, kuma sassabe da kiwo da ƙunar daji su ne suke buɗe mata hanya. A 1935 ya bayyana wannan ra'ayi a Landan, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa don tare ta.

Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin Ingila da Faransa, har suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji da na ƙasa, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana matsowa ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wasu wurare ƙayyadaddu saboda yadda ake amfani da ita. To, amma kashedi ya fi rahoton kwamiti saurin yaɗuwa. André Aubréville, Bafaranshen da yake cikin kwamitin, shi ne kuma a littafinsa na 1949 ya yayata kalmar da ake fassarawa a yau da kwararowar hamada, ko da yake shi yana nufin ɓarnar ɗan'adam ne a ƙasashen da suke da wadatar ruwa.

Doka ta raba manomi da itace

A wannan zamani ne hukuma ta ɗauka cewa dole a tsare itace daga manomi. A Nijeriya an yawaita gandun daji a ƙarƙashin En'e, aka zuba malaman daji. A ƙasashen Faransa dokar daji ta 1935 ta sa dazuzzuka a hannun hukuma, kuma dokar Nijar ta 1974 ta bi wannan tafarki, ta hana taɓa wasu itatuwa, cikinsu har da gawo, sai da izini, ko da a gonar mutum suke. Sakamakon ya zo saɓanin nufi. Manomin da ya san itacen gonarsa zai iya jawo masa tara, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Daɗin daɗawa, malaman gona suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ta ƙal.

Alhali manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin darajar gawo. Wannan itace yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran: yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi sabon ganye da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana, ganyen da ya zuba yakan zama taki, dabbobi kuma sukan taru a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashinsu. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai, tana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Labaran baka na Damagaram suna cewa sarakunan ƙarni na 19 sun hana sare shi, da hukunci mai tsanani.

Fari da abin da ya biyo baya

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya farfaɗo da tsohon tsoro, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977. Aka kashe kuɗi mai yawa wajen renon dashe, musamman darbejiya da turare. An sami nasara a wasu wurare, alal misali layukan darbejiya masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya na Nijar a 1975, amma a wurare da dama dashen ya mutu don ba mai shi.

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin dashen itatuwa a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace bazara, irin su sabara da kalgo da geza, tohon kututture ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse saura, cikin 'yan shekaru sai su zama itatuwa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma. Abin da ya hana ta a da shi ne doka da koyarwa. Yunwar 1984 ta sa jama'a da dama suka gwada ta, aka riƙa kiranta sassaben zamani. Da ikon malaman daji ya sassauta, aka kuma yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, sai manoma suka sami tabbacin cin moriyar abin da suka rena. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙaruwar ruwan sama bayan shekarun fari ita ma ta taimaka.

A Nijeriya kuwa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, tare da abokan aikinsa sun nuna cewa a karkarar Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma sun ci gaba da riƙe kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a gonakinsu duk da buƙatar itacen girki ta birni. A 1991 kuma nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa bakin Sahara yakan matso kudu a shekarun fari, ya koma arewa in ruwa ya wadata.

Kammalawa

Wannan tarihi bai nuna cewa babu haɗari ba. Zaizayar ƙasa da saran gawayi da ƙarancin burtali matsaloli ne na haƙiƙa. Abin da ya nuna shi ne binciken da aka yi cikin gaggawa a lokaci guda na shekara ya ɓatar da hukuma tsawon shekaru, wanda aka yi da haƙuri tare da manoma kuwa ya kai ga gyara. Shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya faro ne da tunani mai kama da na Stebbing, daga baya aka karkata shi zuwa farfaɗo da gonaki da makiyaya. Saboda haka ɗalibin da zai shiga bincike, da ma'aikacin da zai tsara doka, ya kamata kafin su ƙidaya dashen da za a raba su fara tambaya: itacen nan, in ya girma, na wane ne?