Tarihin Aikin Gayya a Zangunan Ankara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku sani aikin gayya ba baƙo ba ne a zango. Kakanninmu fatake, waɗanda suka watsu daga Salaga bayan yaƙin basasa na 1892, da shi suka gina masallatai, da shi suka sauki baƙi, suka binne wanda ya rasu ba dangi. Amma a zamanin nan nasu, gayya tsakaninmu kaɗai take tsayawa.

Abin da ya farkar da mutane shi ne girgizar ƙasa da ta auka wa Ankara ran 22 ga Yuni 1939. Gidaje suka rushe, hukuma ta raba kayan gini, Musulmi suka ga ba a yi musu adalci ba. Dalili kuwa, ba su da kowa a inda ake rabon. Saboda haka Ƙungiyar Musulmi, wadda aka kafa a 1932 don taimakon juna, ta fara neman bakin magana a majalisar gari. Daga nan dattawa suka gane, wanda ba ya wurin shawara ba ya wurin rabo.

Shekaru suka shuɗe, har annobar kwalara ta 2014, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar Gana, ta kashe fiye da 200. A watan Nuwamba na shekarar nan gwamnati ta keɓe Asabar ta farkon kowane wata don share gari. To, a nan aka ga amfanin haɗa kai. Ma'aikatan lafiya suna da magani da sani, majalisar gari tana da motocin kwasar shara, amma ƙofar gida ba ta buɗuwa sai da bakin liman da sarkin zango. In an yi shela bayan sallar Juma'a, samari kan fito da shebur su yashe kwatami, mata su share lungu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, a wannan biki na masallacinmu, ga wasiyyata ga samari. Kowace ƙungiya ta zo da alheri, ta Musulmi ce ko ta Kirista, ku karɓe ta hannu biyu. Amma ku zauna da ita tun ranar shawara, a san abin da kowa zai kawo, a rubuta, a kuma bayyana wa jama'a lissafi bayan an gama. Amanar da jama'a suka ba masallaci ita ce jarinmu, in ta zube ba ta kwasuwa.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin. Wassalam.