Idan Mai Doki Ya Rasu, Ina Dokin Yake Zuwa?

Da yawanmu mun fara sha'awar rubuta labaran sarauta na dā, kuma muna ganin ana cusa wani abu da ba namu ba: sarki ya rasu, sai a ja dokinsa da sirdi ba mahayi a bayan makara. Daga finafinai muka kwaso shi.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Dutse ya san darajar doki a wurinmu. Amma da Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya rasu ranar 31 ga Janairu, 2023, abin da aka yi shi ne abin da ake yi wa kowane Musulmi: wanka, likkafani, salla, kabari. Doki ba shi da gurbi a nan. Dukiya ne, cikin gado yake shiga.

Akwai inda ba haka abin yake ba. Sikitiyawa, makiyayan da suka zauna arewacin Baƙin Teku, masu harshe ɗan uwan Farisanci, sun ɗauka cewa mahayi ba ya tafiya lahira a ƙasa. Herodotas, masanin tarihi na Girka, ya rubuta wajen shekara 2,400 da suka wuce cewa idan sarkinsu ya cika shekara da mutuwa, sai a shaƙe dawaki 50 da samari 50, a cusa wa cikinsu ƙaiƙayi, a kafa su kewaye da kabarin kamar masu gadi. Daga baya masu haƙa sun tono wani kabari a Arzhan, a yankin Tuva na Rasha, suka tarar da ƙasusuwan dawaki kimanin 160.

Jikokin harshensu, Osetiyawa na tsaunukan Kaukasus, sun sassauta. Sukan ɗaura wa dokin sirdi, a zagaya gawa da shi sau uku, a ɗan yanki kunnensa, wani dattijo ya yi dogon jawabi yana kwatanta wa mamacin hanyar da zai bi. Dokin ya tsira da ransa, amma ya zama na mamaci.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba sai mun je Rasha ba. A Oyo a zamanin dā, wadda daga arewa take sayen dawakinta, idan Alafin ya mutu akan kashe dokinsa, kuma mai kula da dokin ma ana sa ran ya bi ubangidansa. A kan wannan al'ada Wole Soyinka ya gina wasan kwaikwayonsa na 1975. A wasu sassan ƙasar Ibo kuma, kamar Nsukka, akan yanka doki a bikin binne babban mutum, kuma dokin daga arewa yake gangarowa, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai a kurmi.

To ga labarin da ba mu rubuta ba. Magada sun kasa jituwa a kan dokin mahaifinsu, suka kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dillali ya sa hannu, aka loda shi a mota zuwa kudu. Babban ɗan ya karɓi kuɗin, bai tambayi mai sayen me zai yi da tsohon doki ba.